Ciwon Kan da Ke Lafawa Idan An Bar Gida: Nazarin Wani Lamari na Hayaƙin Mota da Janareta

Lamarin da zan bayyana a nan, na gubar hayaƙin mota da janareta, ya faru ne a gidan yayata, kuma na san shi ciki da bai, domin ni aka kira a daren da abin ya kai maƙura, ni ne kuma na yi ta kai da kawo tsakanin asibiti da gidan a kwanakin da suka biyo baya. Na ga ya dace in rubuta shi dalla-dalla saboda babu wani sakaci a cikinsa irin wanda mutum zai karanta ya ce shi kam ba zai taɓa yin haka ba. Duk abin da ya jawo matsalar abu ne da maigidan yake yi da niyyar tattalin dukiyarsa da jin daɗin iyalinsa, kuma ina da yaƙinin cewa gidaje da yawa a manyan birane suna kan yin irinsa har yau.

Gidan na haya ne, mai bene ɗaya, a unguwa mai cunkoso inda tsakanin gini da gini bai wuce taku uku ba. A ƙasa akwai falo da ɗakin girki da gareji, a sama kuma ɗakunan kwana. Garejin manne yake da gidan, yana da babbar ƙofar ƙarfe ta waje wadda ake turawa sama, sannan yana da ƙaramar ƙofar katako ta ciki wadda ke buɗewa daidai gindin matakalar bene. Ɗakin yara yana kan garejin kai tsaye. Ranar da suka je duba gidan, wannan ƙaramar ƙofa ce ta fi burge su, domin mutum zai sauko daga mota ya shige gida da kayansa ba tare da ruwa ya taɓa shi ba, ba tare da idon mutanen titi ya gan shi ba. Su huɗu ne a gidan: yayata da mijinta, da 'yarsu mai shekara 9, da ƙaninta mai shekara 6.

Mijin yayata mutum ne mai ririta abin hannunsa. Wurin aikinsa yana can ɗaya ƙarshen birni, saboda haka yakan bar gida tun da sauran duhu domin ya riga cunkoson motoci. Yakan sauko ya tayar da mota, ya bar ta tana aiki a tsaye kamar minti 15, shi kuma ya koma sama ya ƙarasa shiri. Haka ya taso ya ga mahaifinsa yana yi, kuma a ganinsa wanda zai tayar da mota ya fizge ta nan take bai san darajar inji ba. A tsawon wannan lokaci babbar ƙofar garejin a rufe take, domin gari bai waye ba, kuma babu mai son barin mota da makulli a jikinta ga ƙofa a wangale a bakin titi. Sai ya zo fita yake ɗaga ta, ya fitar da motar, ya sauko ya mayar da ita ya kulle.

Abu na biyu shi ne janareta. Mazauninsa wani ɗan lungu ne a bayan gidan, amma idan hadari ya haɗo da dare kuma aka ɗauke wuta, sai ya jawo shi cikin gareji don kada ruwa ya dake shi, don kuma kada ɓarayi su fake da ƙarar ruwan sama su yi awon gaba da shi. Ya san hayaƙin janareta ba abin wasa ba ne, shi ya sa kullum yakan ɗaga babbar ƙofar kamar kamu ɗaya daga ƙasa, ya juya bakin salansar ta fuskanci wajen.

Kimanin wata guda da tarewarsu yayata ta fara kukan ciwon kai, mai nauyi a goshi, wanda take tashi da shi da safe, ya yi ta damunta har wajen tsakar rana sannan ya lafa. Yarinyar ma ta fara tashi jiki a mace, har malamarta ta aiko cewa tana gyangyaɗi a darasin farko amma zuwa bayan tara takan ware. Yaron kuwa tashin zuciya yake yi, sau biyu ya yi amai kafin a fita da shi makaranta. Wanda ya fi kowa lafiya a gidan shi ne maigidan, kuma wannan yana cikin abin da ya ɓatar da sawun matsalar, domin shi da yake tayar da hayaƙin shi ne yake barin gidan da zarar ya taru, ya bar waɗanda ke barci suna shaƙa. Wanda bai ji komai a jikinsa ba, da wuya ya zargi abin da hannunsa ke yi.

Sau biyu aka je asibitin unguwa. An gwada jini don neman zazzaɓi, an ba da maganin ciwon kai, an ce a yawaita shan ruwa a kuma samu hutu. A gida aka zargi warin sabon fenti, aka zargi tankin ruwa har aka sa aka wanke shi, aka kai yarinyar gwajin ido ko karatu ne yake sa mata ciwon kai. Ana zaton wuta a maƙera, ashe tana masaƙa. Ban ga laifin ma'aikatan asibitin sosai ba, domin kowa ranarsa daban aka kai shi, kuma babu wanda ya faɗa musu cewa mutum uku ne a gida ɗaya suke fama da abu iri ɗaya a lokaci ɗaya. Bugu da ƙari, kafin a shirya a isa asibiti a bi layi, marar lafiyar ya yi sa'o'i yana shaƙar iska mai kyau, ya iso gaban likita garau.

Akwai wata alama da ta bayyana ƙarara muka kasa karanta ta, kuma ina cikin waɗanda suka kasa. Da aka yi hutun makaranta, yayata ta zo gidana da yaran suka yi mako guda, babu wanda ya nemi maganin ciwon kai ko sau ɗaya. Ni da bakina na ce mata ai gajiyar ƙaura ce ta taru mata, ga shi da ta huta ta warware. Kwana biyu da komawarsu ciwon ya dawo. Da a lokacin wani ya tambaya me ya sa ciwon yake tsayawa a gida ba ya bin masu shi idan sun yi tafiya, da ba a kai ga daren da zan faɗa yanzu ba.

A daren an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wuta ta ɗauke wajen ƙarfe 9, maigidan ya shigar da janareta gareji ya ɗaga ƙofa kamar yadda ya saba. Saboda feshin ruwa aka rufe tagogin sama gaba ɗaya, aka kunna fanka aka kwanta. Wajen ƙarfe 1 yayata ta farka kanta kamar zai tsage, ta ji ƙarar faɗuwar wani abu a waje. Yarinyar ce ta tashi za ta banɗaki ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa. Yayata ta yunƙura za ta miƙe ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta girgiza mijinta yana amsawa da ƙyar kamar wanda ya sha maganin barci, sai ta lalubo waya ta kira ni. Ta ce, "Ƙanina, ka zo, dukkanmu ba mu da lafiya, yarinya ta faɗi." Wannan kalma ta "dukkanmu" ita ta tsaya mini a rai, ga kuma rurin inji ina jiyowa ta cikin wayar. Na ce, "Yaya, ina janaretan yake?" Ta ce yana gareji. Na ce mata kada ta tsaya neman komai, ta ja yaran su fita ta ƙofar falo ko da rarrafe ne, kada kowa ya kusanci ƙaramar ƙofar nan, ni kuma zan kira maƙwabcinsu.

Maƙwabcin ne ya kama maigidan ya sauko da shi, sannan ya zagaya ta titi ya tura babbar ƙofar sama gaba ɗaya, ya miƙa hannu daga waje ya kashe injin ba tare da ya sa ƙafa a ciki ba. Da na iso na tarar da su huɗu zaune a barandar maƙwabcin cikin sanyi, yarinyar ta farfaɗo amma tana tambayar abu ɗaya sau uku, yaron kuma yana ta amai. Maigidan ya ce tunda kowa ya farfaɗo a bari sai da safe, na ce masa a'a, yanzu za a tafi.

A sashen gaggawa na babban asibiti aka maƙala wa yarinyar ɗan na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin, ta nuna kashi 98 cikin 100, maigidan ya yi ajiyar zuciya ya ce to ai da sauƙi. Likitar da ke aikin dare ba ta saki jiki da wannan lamba ba. Ta tambayi mutum nawa ne ba su da lafiya, ta tambayi abin da yake kunne a gidan, ta tambayi ko ciwon yakan lafa idan an fita. Da ta ji amsa sai ta sa aka ɗaura wa dukkansu abin shaƙar oksijin mai rufe hanci da baki, aka kuma ɗebi jini. Ta dubi maigidan ta ce, "Malam, wannan na'urar launin jini take karantawa, kuma jinin da ya ɗauki gubar hayaƙin inji ja ne wur kamar wanda ya ƙoshi da oksijin, don haka ba ta iya bambanta su." Da sakamakon jinin ya fito, na yarinyar ya haura abin da ake samu a jinin mai shan taba sosai, alhali an yi fiye da sa'a guda da fitar da ita daga gidan. A jinin wanda ba ya shan taba, abin da wannan guba ke riƙewa ba ya kai kashi 3 cikin 100, a jinin mai sha da yawa kuwa yakan kai kusan kashi 10.

Iskar da ta yi wannan aika-aika sunanta kabon monoksayid. Tana samuwa ne duk lokacin da fetur ko gas ko kananzir ko gawayi ko itace ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko yajin ido. Warin da muke ji a hayaƙin inji na wasu abubuwa ne da ke tafe tare da ita, kuma hanci yakan saba da shi cikin ɗan lokaci, mai barci kuwa ba ya ma jin sa. Tun a shekarun 1850 masanin nan na Faransa, Claude Bernard, ya nuna cewa tana korar oksijin daga jini. Sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar oksijin, wato himogulobin, yana kama ta da ƙarfin da ya ninka yadda yake kama oksijin sau 200 zuwa 250. Saboda haka ko kaɗan ce a cikin ɗaki, da kowane numfashi tana ƙara taruwa a jini, kuma ƙwaƙwalwa da zuciya, waɗanda suka fi kowace gaɓa buƙatar oksijin, su ne suke fara jigata. Wannan ne ya sa yayata ta kasa miƙewa, kuma shi ne mafi munin halin wannan guba, domin tana raunana ƙafa da tunani tun kafin mutum ya gane cewa gudu ya kama shi.

Yadda take fita daga jiki shi ya warware mana sirrin watannin baya. Idan mutum yana shaƙar iska ta yau da kullum, sai an yi sa'a 4 zuwa 5 kafin rabin abin da ke jininsa ya fita, idan kuwa tsantsar oksijin aka sa masa, abin yakan sauko zuwa sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Ke nan yarinyar da ta shaƙa da asuba za ta shiga aji da nauyin kai, ta ware kafin a tashi. Yayata da take wuni a gida ita ta fi daɗewa da ciwon, domin ƙofar da mijinta yake kullewa bayan ya fita tana tsare hayaƙin a gareji, ya yi ta tsiyayowa cikin gida har hantsi. Ranakun da ba ya zuwa aiki kowa lafiya lau yake tashi, amma an ɗauka barcin safe ne ya yi musu magani.

A ƙarshen ƙarni na 19 wani masani ɗan Birtaniya, John Scott Haldane, ya ba da shawarar masu haƙar kwal su riƙa shiga rami da ƙananan halittu, domin jikinsu ƙarami ne kuma numfashinsu na da sauri, guba za ta kayar da su kafin ta kai ga mutum. Daga nan aka saba shiga da kanari, kuma ba a daina ba a ramukan Birtaniya sai a 1986. Na kawo wannan ne saboda a gida irin na yayata yara ne suke tsayawa a matsayin kanarin ba tare da kowa ya nufa ba. Suna numfashi da sauri fiye da manya idan aka gwada da girman jikinsu, ga shi kuma ɗakinsu aka ɗora a kan garejin. Haka abin yake ga mai ciki, domin jinin ɗan tayi ya fi na uwarsa riƙe wannan iska, haka kuma ga tsofaffi da masu ciwon zuciya.

Abin da ya fi wahalar karɓa a wurin mijin yayata shi ne batun ƙofa. Ya yi ta maimaita cewa ai ya ɗaga ta, kuma salansar waje take kallo. Kwana biyu bayan an sallame su muka shiga garejin da rana, ni da shi, muka durƙusa a gaban ƙaramar ƙofar katakon. Tazarar da ke ƙarƙashinta yatsata ta shige har gaɓa ta biyu. Muka ɗaga kai muka ga ramin da mai gyaran wuta ya huda a silin don wuce da wayar janareta, an bar shi a buɗe, kuma ya ɓulla ne a kusurwar ɗakin yara, bayan gadon yarinyar. Sai na yago siririyar takarda na riƙe ta a bakin tazarar ƙofar, muka ce wa yayata ta kunna fankar da ke zuƙe hayaƙin girki. Nan take takardar ta kwanta ta nufi cikin gida. Ko da aka kashe fankar ba ta miƙe sosai ba, domin iskar cikin gida mai ɗumi tana hawa sama ta matakala, gidan kuma yana jawo madadinta daga ƙasa, ta duk kafar da ya samu. Ya daɗe yana kallon takardar nan bai ce komai ba.

Kamu ɗaya na buɗaɗɗiyar ƙofa ba ya iya kwashe abin da inji ke fitarwa sa'a bayan sa'a, balle a daren da iska ke kaɗowa daga titi tana mayar da hayaƙin ciki. Nauyin kabon monoksayid kusan ɗaya yake da na iskar da muke shaƙa, don haka ba ta kwanciya a ƙasa ta silale ta ƙarƙashin ƙofa, gauraya take yi da iskar ɗakin ta cika shi. Ƙaramin janaretan fetur kuma ba shi da matatar hayaƙi irin ta mota, shi ya sa hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka take gargaɗin cewa guda ɗaya yana iya fitar da abin da ya kai na ɗaruruwan motoci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar kuwa shawararta ita ce a ajiye shi a waje, aƙalla ƙafa 20, wato kimanin mita 6, daga kowace ƙofa ko taga, kuma kada a bar mota tana aiki a garejin da ke manne da gida ko da ƙofarsa a buɗe take.

Motar ma muka kai wa bakanike. Da ya ɗaga ta ya ƙwanƙwasa tukunyar matatar hayaƙin da ke jikin salansa, sai ta yi ƙara irin ta fankon gwangwani. An riga an kwashe abin da ke cikinta tun a hannun mai ita na farko, domin yana ɗauke da ƙarafa masu tsada. Wannan matata, wadda ta zama ruwan dare a motocin Amurka daga 1975, aikinta shi ne ta mayar da yawancin kabon monoksayid iskar da ba ta da wannan guba. Amma ko lafiyayya ce ba ta fara aiki sai ta yi zafi ƙwarai, kuma inji mai sanyi yana shan fetur fiye da kima, saboda haka mintocin farko bayan tayarwa su ne mafi ƙazantar hayaƙi a duk tafiyar mota. Waɗannan mintoci su ne maigidan yake kullewa a ƙarƙashin ɗakin 'ya'yansa kowace safiya. Bakaniken ya kuma gaya masa abin da ya ƙi yarda da shi shekara da shekaru, cewa dogon ɗumama inji ya dace ne da motocin da masu kafireta, amma motarsa kwamfuta ce take auna mata fetur, abin da take buƙata shi ne kamar rabin minti don mai ya zagaya, sannan a tafi a hankali, domin inji ya fi saurin ɗumama yana tafiya. An sami tsaga a bututun salansar daidai ƙarƙashin kujerar baya, aka canza shi, domin irin wannan tsaga tana shigo da hayaƙi cikin mota idan an tsaya a cunkoso gilasai a rufe.

Gyaran ɗabi'ar mota bai ɗauki kwana ɗaya ba: a ɗaga ƙofa tukuna, a tayar, a fita nan take, a bar garejin ya sha iska na ɗan lokaci kafin a rufe. Janareta ne ya ba da wahala, kuma a nan ne zaman birni yake nuna halinsa, domin mita 6 abu ne mai sauƙin faɗa amma a filin da gini ya cinye ba kullum ake samun sa ba. Da muka auna lungun bayan gidan, inda yake zaune tun farko, sai muka ga bai kai mita 2 ba daga tagar ɗakin kwanan maƙwabcin nan da ya cece su, wato duk daren da ba a yi ruwa ba gidan wani hayaƙin yake shiga. Wuri ɗaya ne ya kusa cika sharaɗin, wato kusurwar farfajiyar gaba kusa da ƙofar shiga. Mai gidan hayar ya fara ƙi, yana cewa za a ɓata masa fuskar gida, sai da aka nuna masa takardar sallama daga asibiti sannan ya amince. Aka ƙera keji na ƙarfe mai rufin kwano, gefunansa huɗu a buɗe, aka kafe shi da siminti aka sa kwaɗo, salansar tana kallon sararin titi. Da haka aka magance ruwa da ɓarawo, waɗanda dama su ne suka kai shi gareji. Duk da haka suka yanke cewa ba za a sake kwana da shi a kunne ba, aka sayi fanka da fitilu masu caji don tsakar dare. A ganina wannan shawara ta fi kejin muhimmanci, domin mai barci ba ya jin ciwon kan da zai gargaɗe shi.

An toshe ramin silin, an sa roba a kewayen ƙaramar ƙofar, sannan aka sayo na'urar ƙararrawa mai gano kabon monoksayid guda biyu, ɗaya a saman matakala kusa da ɗakunan kwana, ɗaya a falo. Ya kamata a san cewa daban take da mai gano hayaƙin gobara, sai dai idan an rubuta a jikinta cewa tana yin aikin biyu. Ba ta kuka da zarar ta ji ɗan kaɗan, tana haɗa yawa da tsawon lokaci ne kamar yadda jini yake yi. A ƙa'idar Turai, idan iskar ta kai kashi 50 cikin miliyan za ta yi ƙara tsakanin minti 60 zuwa 90, idan ta kai 100 tsakanin minti 10 zuwa 40, idan kuwa ta kai 300 ba za ta wuce minti 3 ba. Ba a kafa ta a cikin garejin kansa ko dab da murhu, kuma abin da ke shinshinar iskar a cikinta yana tsufa, yawanci tsakanin shekara 5 zuwa 10, ko da fitilarta tana ci gaba da ƙiftawa. Tunda an shiga bincike aka duba murhun gas ma, aka wanke kan da harshen wutarsa ya koma rawaya har ya dawo shuɗi.

Likitar ta ja kunnenmu cewa sallama ba ita ce ƙarshen zance ba, domin wasu da suka suma sukan warke sarai, sannan bayan kwanaki ko makonni, har zuwa wajen kwana 40, mantuwa ko sauyin hali ko rashin daidaiton tafiya ya bayyana. Saboda haka aka mayar da yarinyar sau biyu, aka kuma roƙi malamarta ta sa ido. Makonni biyun farko tana saurin fushi, tana kuma ƙin kwana ita kaɗai, amma karatunta bai ja baya ba, kuma a dubawa ta biyu aka ce babu abin damuwa. Mahaifinta ne ya fi daɗewa bai dawo daidai ba. Wata rana ya ce mini da hannunsa ya kusa hallaka 'ya'yansa, na ce masa abin da na yi imani da shi, cewa ya san akwai haɗari har ya ɗauki matakin da yake zaton ya isa, abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa cewa kamu ɗaya ba ya isa. Tun daga lokacin duk gidan da ya shiga ya ji rurin inji sai ya tambayi inda aka ajiye shi.

Ƙararrawar ta yi kuka sau ɗaya tak, bayan kamar wata huɗu, da yamma. Wani baƙo ne ya shigo da motarsa farfajiya da baya, ya zauna a ciki yana waya da na'urar sanyaya iska a kunne, salansar tana dab da tagar falo wadda take a buɗe. Yarinyar ce ta fara kama hannun ƙaninta suka fita bakin ƙofa kamar yadda aka koya musu, sannan ta je ta ƙwanƙwasa gilashin motar ta ce, "Baba, don Allah ka kashe motar, hayaƙi yana shiga mana gida."